Jan Biro a Littafin Nafissatou

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ɗana Wahabu ne mai karatu a gidanmu na unguwar Kpangalam a Sokodé. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar wani kamfanin auduga. In ya dawo da la'asar sai ya zaunar da 'yarsa Nafissatou ya yi mata dikte, yana karanto Faransanci tana rubutawa. Ta biyu take zuwa a ajinsu.

Rana ɗaya suka karɓe makullin motar, wai an rage ma'aikata. Ya bar Sokodé ya tafi Dapaong lodin shanu. Uwar yarinyar ta daɗe da rasuwa, gida ya zama daga ni sai ita.

Duk Juma'a takan kawo littafi in dangwala yatsa. Na ga jan biro ya cika shafi, ga wani ƙaton ƙwai a sama. Na ce lallai malam ya ƙara yabo. Har wagashi, cukun nono, na soya mata. Ta ci.

Sai direktan makarantar ya aiko in zo.

"Mama, bana ba za mu sa sunanta a jarrabawar fita ba. Sifili tara a jere, ga yatsanki ƙarƙashin kowanne."

"Kai mai karatu, ka ga yatsa a inda uba ke sa hannu, ba ka tambayi ina uban ya shiga ba? Wata uku! Bakinka ciwo yake?"

"Yara tamanin ne a ajin."

"Ni ɗaya gare ni."

Na zauna a ƙofar ofis ɗinsa har azahar. Da ya gaji ya ce zai yi mata dikte bayan sati biyu. In kuskure bai kai biyar ba, sunanta zai shiga.

Kullum la'asar nakan riƙe mata waya a kunne. Wahabu na karantowa daga kara, shanu na kuka a bayansa. In ta gama sai ta miƙo mini takardar, mu zuba mata ido mu biyu, ba mai dubawa.

Ran Litinin direkta ya yi mata dikten, ta dawo da littafin. Na ce kada ta faɗa mini komai. Na ƙirga jan da kaina. Huɗu. Na sake ƙirgawa.

Na kira Wahabu sau uku, waya ba ta shiga. Na jawo tawada na dangwala.