Tambayar Gwajin Gizo-gizo

A duk ƙauyukan da ke ƙasan Gembu ba wanda ya kai tsoho Njabi iya duba da gizo-gizon rami. Amma yanzu kowa asibiti ya nufa ko coci, har ciyawa ta cinye hanyar zuwa gidansa. Matarsa ta rasu, ɗansa Bitrus kuwa tun da ya tafi Jalingo tuƙin acaɓa ya daina ko kiran waya.

Aikin ba wuya. A kifa tukunya mai fasasshen gindi a kan ramin gizon, a kafa tsinke a gefe guda, dutse a ɗaya gefen, a jera ganyaye a bakin ramin, a yi tambaya, sannan a rufe fasasshen gindin da murfi. In gizon ya turo ganyen wajen tsinke, e ke nan, in wajen dutse ne, a'a.

Da safen nan Njabi ya tambaya ko Bitrus zai zo girbin masara, ganye ya tafi wajen tsinke. Daɗi ya kama shi, tsoro ya biyo baya, domin gizo ma yakan shara ƙarya. Shi ya sa ake gwada shi da tambayar da aka san amsarta, kuma wadda iyayensu suka bar musu ita ce: "Ni kaɗai nake zaune a nan?" Tunda mai duba shi kaɗai yake zama, gizo mai gaskiya e zai ce.

Ya rufe tukunya ke nan sai ga Marta, matar marigayi ƙanensa, da kwanon tuwon masara. Ta ja kututture ta zauna.

"Yaya, har yanzu kana nan kana zance da ƙwaro? Zo mu ci tun da zafi, ni ma na gaji da ci ni kaɗai."

"Tashi, Marta! Za ki ɓata mini tambaya."

"Wace tambaya?"

"Na tambaye shi ko ni kaɗai ne a nan."

Ta riƙe haɓa. "To ba ga ni ba? Sai ya ce a'a mana."

"Da na tambaya ba kya nan. Yanzu ko me ya ce, ban san da wane lokaci yake ba. Don Allah tafi."

Ta ajiye kwanon, ta miƙe. "Allah ya ba ku zaman lafiya, kai da abokin naka."

Ita kaɗai ke leƙo shi a garin nan, ya kuma sani. Ya bi ta da ido har ta shige cikin ayaba, bai kira ta ba.

Ya sake jera ganye, ya sake tambaya, ya jira har tuwo ya sandare. Da ya ɗaga murfin, ganyayen duk sun taru a gindin tsinke.

Njabi ya yi dariya har da hawaye. "Mai gaskiya! Ashe Bitrus zai zo."

Ya waiwaya don ya gaya wa wani. Babu kowa, kamar yadda gizon ya faɗa.