Mai Takaba a Bakin Komadugu

Ruwan Komadugu ba ya sallama. Damina ta wuce, sama tas, ana shanyar tattasai, sai kawai kogi ya kumburo daga wajen Nijeriya. A shekarar 2001 haka ya yi wa wani ƙauye kusa da Geskeru.

Bayan sallar Azahar Goni Mala, limamin garin, ya yi shela a masallaci: shingen yashi ya tsage, kowane maigida ya je ya kwashe iyalinsa zuwa tudu. Dabara ce mai kyau, tun kakanni ake yinta. Sai dai tana buƙatar maigida.

Gumsu, mai sayar da busasshen kifi, bakinta ya fi tattasan garin zafi. Ta kai kayanta tudu, har kajinta ba ta bari ba. Tana cikin zagin mijinta kan ya manta turmi, sai ta tsaya cak. Ta duba cikin matan garin, ta sake dubawa.

"Ina Sadiya?"

Sadiya baƙuwa ce daga Damagaram, matar Maikano mai kanti, wanda ya rasu kafin kaka. Tana takaba, ba ta leƙa ko ƙofar gida, maza kuma ba sa yi mata magana. Gidanta yana can ƙasa wajen kogi, a bakin hanyar zuwa tudu.

Kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya ce ai ya zaci mata sun gaya mata. Matan kuwa sun zaci an aika daga masallaci.

Gumsu ta nufi Goni. "Allah gafarta Malam, wa ka aika gidan Maikano? Ko shi ka gaya wa a kabari?"

"Ya Gumsu, yi hankali da bakinki."

"Bakina lahiya lau. Tashi mu tahi. In ni na kira ta, ba za ta hito ba."

Suka gangara. Ruwa ya kai gwiwa, ja wur da tattasan da ya kwaso daga mashanya. Kafin su wuce masallaci ya kai cinya, yana fizgar zanen Gumsu. Katangar wani gida ta zube gabansu, rim! Goni ya ja da baya yana salati. Ita ma tsoro ya kama ta sosai, amma ta riƙe hannun rigarsa ta ja shi gaba.

A ƙofar gidan Sadiya, Goni ya tsaya, ya juya baya don kunya. Gumsu ta kutsa ciki. Ta tarar da Sadiya tsaye kan gadon ƙarfe, ruwa yana lasar katifa, gindin bangon ɗakin ya jiƙe yana ɓarɓashi.

"Sauko! Hauka kike?"

"Ya Gumsu, kwanana ba su cika ba. In na hita, mi za a ce? A ce baƙuwa ba ta riƙe wa mijinta takaba ba?"

Wani ɓangaren bango ya faɗa cikin ruwa. Gumsu ta ƙwala kira: "Goni! Yi magana, ɗakin zai rufta!"

Muryar tsohon ta zo daga ƙofar gida. "Sadiya, ɗiyata, ni ne Goni Mala. Hito. Addini bai ce ki mutu ba. Takabarki tana nan, ki ƙarasa ta bisa tudu."

Sadiya ta sauko nan take. Sai a lokacin Gumsu ta lura da ƙunshin da ke kanta, an ɗaure shi tam, ga takalma a hannu.

"Ke, ashe kin shirya?"

"Tun Azahar," in ji Sadiya, hawaye suna zuba. "Ina jin ƙafafunku kuna wucewa ta ƙofata. Na ji muryarki ma, kina korar kaji. Na ce yanzu wani zai kira sunana."

Gumsu ta miƙa hannu. Ta karɓi ƙunshin ta aza a kanta, ta kama hannun Sadiya, suka shiga ruwa.