Ƙwayar Cutar Fadamar Baba Labbo

Da daminar bara ciwon ya kama Baba Labbo, yayan mahaifin Mansura, manomin shinkafa a wata fadama ta Bungudu. Zazzaɓi da tari, ga ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi. Aka ce tarin fuka ne, ya yi ta shan magani yana ƙara ramewa. Mansura, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Gusau, ta gaji da ganinsa haka, ta ɗebi kakinsa ta shuka a farantin gwaji. Abin da ya tsiro ba na tarin fuka ba ne. Wata ƙwayar cuta ce mai zama cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana shiga jiki ta tsagewar ƙafa ko ta numfashi. Ciwonta ake kira meliyodosis. Aka sauya masa magani, allura ta jijiya mako da mako, ya tashi da ƙyar.

Kuskurenta ɗaya, ta faɗi a gida cewa daga ƙasa cutar take. Kafin kasuwa ta sake ci, ƙauyen ya gama yanke hukunci: Manu ne. Manu maƙwabcin gonar Baba Labbo ne, kuma shi ya kawo dashen shinkafa daga wata jiha, da lakarsa a saiwa. Aka daina shiga gayyarsa. Matarsa ta kai fura kasuwa ta dawo da ita.

A ranta Mansura ma ta so a ce daga dashen Manu cutar ta fito. Wuri ɗaya ana iya killace shi. Amma sai ga wata mata daga 'Yandoto da irin ciwon, sai wani mutumin Magami. Ta shiga ɗibar ƙasa gona gona. Ta Bungudu ta haƙa da hannunta. Ta Tsafe kuwa, yankin da 'Yandoto take, sau uku direba yana juyowa da Mansura saboda hanya ba lafiya, dole wani malamin asibitin can ya aiko mata a leda cikin motar haya. Wuta ta ɗauke, firij ya mutu, rabin abin da ta tara ya lalace, ta sake daga farko. Abin da ya tsira ta tura wani babban ɗakin bincike a kudu, inda ake karanta ƙwayoyin gadon halitta a gane wace ƙwaya ce 'yar'uwar wace.

Sai da aka yi girbi sakamakon ya zo. Ta karanta, ta kife wayar a kan tebur, ta yi tsaki. Ƙwayar cutar 'Yandoto gidanta daban. Ta Magami daban. A gonar Manu kaɗai iri biyu ne, kuma babu wadda ta haɗa jini da ta jikin Baba Labbo. Tasa ta fito ne daga tsakiyar gonarsa. Bambancin da ke tsakaninsu ya nuna ba baƙi ba ne, sun daɗe a ƙasar nan suna hayayyafa tun ba a haifi kowa ba.

Ranar Asabar ta tafi Bungudu. Ta samu Baba Labbo a ƙofar gida da dattawa, ta durƙusa ta gaishe su, ta yi bayani a hankali.

"Mi kika ce, ɗiyata?" in ji shi. "Gonar ubana?"

"Ita, Baba. Ba Malam Manu ya kawo ba."

"Kakana ya nome ta, ubana ya nome ta. Wa ta kashe?"

"Wataƙila ta kashe, aka ce zazzaɓi ne. Kuma su ba su da ciwon suga."

Wani dattijo ya karkato. "To in ko'ina tana nan, wace gona za mu bari?"

"Babu. Ku dai rufe ƙafa, ku wanke rauni, wanda zazzaɓi ya ƙi saki ya zo mu duba."

"Ashe duk wanga bincike, ba ki gano komi ba," in ji dattijon, sauran suka gyaɗa kai.

Ta buɗe baki, ta tuna gaban iyaye take, ta haɗiye maganar. Ta tashi ta nufi gidan Manu ta gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, sannan ya tambaye ta ko za ta iya faɗin haka a masallacin Juma'a. Ta ce za ta roƙi liman. Liman ya ce sai ya shawarci dattawa.

Da ruwa ya sake sauka, ta aika wa Baba Labbo dogon takalmin roba. Ya ji daɗinsa ƙwarai, yana sa shi tun daga gida, kowa ya gani. Hasana, 'yarsa, ce ta bugo wa Mansura waya tana dariya, ta ce in ya isa bakin fadama sai ya tuɓe ya jingine shi a gindin mangwaro, wai taɓo na riƙe shi, kuma bai son ya lalace. Mansura ba ta yi dariya ba. Ta kashe wayar, ta ɗauki farantin wani sabon majinyaci da aka kawo daga Tsafe, ta ɗaga shi wajen hasken taga.