Hannun da Ba Shi da Izini

Daren jiya barci ya sace ni a kan littafin jarrabawa, na kuwa yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ni nas ce, sunana Barira. Na daɗe ina aiki a ɗakin maza na asibitin garinmu, yanzu kuma ina shirin jarrabawar da za ta ba ni lasisin aiki a ƙasar waje. Babana mai ciwon asma, wanda bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa, ya ce in yi tafiyata, shi ba yaro ba ne.

A mafarkin har na isa ƙasar. Ban ga jirgi ba, na dai tsinci kaina a layi da fararen kayan aikina. Layin da baya yake tafiya, wanda ya fi daɗewa shi ya fi nisa da tagar karɓar takardu. Ba wanda ya ce uffan, kuma shirun nan nasu ne ya fara sa min zargi.

Sai ga ni a bakin tagar. Wani ƙadangare ne a kujerar ma'aikaci, ya maƙala tabarau, yana ta gyaɗa kai.

Ya ce, "Kin taɓa yi wa mutum allura?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sana'ata ke nan."

"Kin taɓa ceton rai?"

"Da ikon Allah, ba sau ɗaya ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Abin da muke gudu ke nan. Hannun da ya saba da yawa ba ya jiran umarni."

Na lura ko ya yarda ko bai yarda ba gyaɗa kan yake yi, sai na daina ɗaukar gyaɗawar a bakin komai. Ya ɗauko jan zare ya ɗaure min wuyan hannuwa, sako-sako. Ya ce hannuna ba su da izini tukuna. In na taɓa mai rai kafin a ba ni lasisi zaren zai tsinke, in ya tsinke kuwa ni da aiki a ƙasar har abada.

A waje dusar ƙanƙara tana tashi daga ƙasa tana komawa sama, mutane sun kifa lemominsu suna kare ƙafafu. A tashar bas na ga Sahura, ƙawata tun makarantar koyon jinya, wadda ta riga ni tafiya. Na nufe ta da murna, ita kuwa ta ci gaba da kallon titi.

Ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ke Barira, kalli gabanki, kar ki kalle ni. A nan fa jarrabawa ba ta da ɗaki. Direban bas yana iya zama mai jarraba ki, mai shara ma haka."

Na ce, "To ke fa?"

Ta ce, "Wallahi ni ma ban sani ba. Ba sa gaya mana."

Na ɗan matsa daga kusa da ita. Ita ma na ga ta matsa.

Sai na gan ni a ɗakin jarrabawa. Wata hawainiya ce ke kula, ido ɗaya a kaina, ɗayan yana yawo. A kan gado an kwantar da mutum-mutumin roba, ƙato, baki buɗe, an lulluɓe shi da bargo mai kyau irin wanda majinyatanmu ba su taɓa gani ba. A kan benci kusa da ƙofa kuma wani tsoho ne da hula da jallabiya, ya sunkuyar da kai yana tari. Hawainiyar ta ce robar ce majinyacina, kuma ita zan iya taɓawa tunda ba ta da rai.

Na wanke hannu a famfon da ba ya kawo ruwa. Na rusuna na ce, "Sannu da jiki. Sunana Barira, ni ce nas ɗinka yau. Ka yarda in taɓa ka?"

Robar ta ce, "Ban ji kin tambayi ranar haihuwata ba."

"Yi haƙuri. Yaushe aka haife ka?"

"Ba haifata aka yi ba, ƙera ni aka yi. Amma kin kyauta da kika tambaya."

A nan ne tarin tsohon ya canza. Wani siririn fito ya shiga cikinsa, irin wanda ko a barci na ji na san ƙirji ne yake rufewa. Ɗan bututun maganin shaƙarsa ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin benci, yana miƙa hannu ya kasa kaiwa. Zaren hannuna ya ɗaure tamau, don hannuwan sun riga ni juyawa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wancan tsohon fa?"

Hawainiyar ta ce, "Wane tsoho?" Alhali idonta ɗaya a kansa yake.

Na tsaya ina tunani. Tarko ne, wannan ba shakka, sai dai wane iri? Ko sun ajiye shi su ga zan tsinke zare, ko kuwa sun ajiye shi su ga ina da tausayi. Na ƙare masa kallo. Tarin ya yi kyau da yawa. Bututun ma ya iya gangarawa, daidai inda zan gan shi ya tsaya. Na ce a raina lallai wannan ya sha bita.

Tsohon ya ce, "'Yar nan." Can kuma, da ƙyar, ya ce, "Barira."

Wannan ne ya gama min zancen. Wa ya ba shi sunana in ba ƙadangaren nan ba? Har wani daɗi na ji na kama su. Na juya masa baya, na sa wa robar ma'aunin zafin jiki a baki, na gyara mata filo, na tambaye ta ko tana son ruwa. Ta ce a'a, na gode. A bayana fiton ya yi ta sirancewa har ya ɗauke.

Hawainiyar ta koma koriya shar ta ce na ci. Zaren ya zame ya faɗi da kansa, ƙadangaren ya shigo ya rataya min lasisi a wuya. Na ruga wurin bencin da hannuwana masu izini, ban tarar da kowa ba sai hula. Na ɗauka na juya ta. A gefenta akwai ɗan tabon ƙuna, inda dutsen guga ya taɓa kama ta a hannuna. Hular Baba ce. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ce wa ƙadangaren, "Don Allah gaya min gaskiya, tsohon nan naku ne? Ku kuka ajiye shi?"

Ya gyaɗa kai.

Ƙarar buta ce ta tashe ni, ta faɗi a ɗakin Baba tana gangarawa a siminti. Gari ya fara haske, littafin yana kan ƙirjina. Ta bango na ji tarin, da fiton a cikinsa, na ji an ce, "Barira." Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban zabura nan take ba. Sai da na dubi wuyan hannuna, na dubi silin ko akwai ido.

Na same shi a bakin gado yana lalube, bututun ya shige ƙarƙashi. Na zaro na sa masa a baki, na tallafe bayansa har numfashin ya dawo. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Ya ce, "Ina ta kira na ji shiru. Na zaci har kin tafi."