Burtali a Kan Sulle

Da Maikuɗi ya shiga kasuwar Sabon Gari a Kano neman injin aski, mai kantin ya zube masa iri uku a kan tebur. Ya nuna masa ƙarami mai batir, ya ce wannan shi ke kwashe gashi har fata, kai ya fito ƙwal, amma sai an fara rage sumar. Ya nuna masa na biyu mai waya, ya ce ba ya cizo, ba ya zafi, yana aikinsa shiru. Na ukun wani baƙi ne mai nauyi, wanda ya riga ya sha aiki a hannun wani kafin ya iso kantin. In aka kunna shi har hannun mutum sai ya ɗauki rawa.

"Wanne ya fi ƙara?" in ji Maikuɗi.

Mai kantin ya ce baƙin, amma yana tsinkar gashi in ba a ɗiga masa mai ba, kuma bakinsa yana ɗaukar zafi da wuri.

"Shi za ka naɗe mini."

Duk wanda ya san Maikuɗi a Rogo ba zai yi mamaki ba. Mutum ne da in zai yi atishawa sai ya jira jama'a sun taru. Ya sayar da rediyo, ya sayar da maganin ɓera, ya taɓa yin dillancin kekuna, ko ɗaya bai riƙe ba, amma bakin nan nasa bai taɓa hutawa ba. A 1989 ne wannan, lokacin da duk yankinmu aska kawai aka sani. Ya ari ƙaramin janareto wurin mai nuna bidiyo, ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya rataya madubi, ranar kasuwa ya ja igiya ya kunna.

Jama'a kuwa sun taru, sai dai ba wanda ya yarda ya zauna. Wani ya ce lantarkin yana tsotse ƙwaƙwalwa. Wani ya ce wanda aka yi wa da shi a Zariya har yau kunnensa yana kuka. Har rana ta take, Maikuɗi yana ɗaga injin nan sama yana gurnani a banza, kujera ba kowa. Yana cikin share gumi ya hango Sulle.

Sulle taubashinsa ne, ɗan ƙanwar babansa, Goggo Tasalla ta Ruwan Bago. Tun suna yara Maikuɗi yake kiransa bawa, tunda shi ɗan namiji ne, Sulle ɗan mace. Wasan taubasai kuwa kowa ya san ƙa'idarsa: ko me taubashinka ya yi maka, dariya za ka yi, in ka ɓata rai kai ne ka ji kunya. Maikuɗi ya riƙe wannan ƙa'ida fiye da yadda ya riƙe sallar asuba.

Shi Sulle mutum ne mai sanyi, yana nomansa yana kiwon 'yan shanunsa, matarsa ta rasu shekarun baya ta bar shi a gida da uwarsa. Da ƙyar ya iya buɗe baki ya nemi Barira, wata bazawara a Kwanyawa, kuma ta amsa masa. Yana sonta son da bai iya ɓoyewa ba, har in an ambaci sunanta sai ya hau gyaran hula. Mahaifinta, Bappa Halliru, ya ce ya zo ran nan bayan la'asar, gaban dangi, a yanke magana. Abin da ya kawo shi kasuwa ke nan cikin sabuwar riga: ya sayi goro, wanzami ya gyara masa kai, ya hau mota.

"Kai bawana! Ina za ka ba ka gaida ubangijinka ba?"

Sulle ya yi murmushi ya matso. Suka gaisa, gida, shanu, jikin Goggo. Maikuɗi ya riga ya cire masa hula yana duba sumar.

"Da wannan dajin za ka gaban surukai? Zauna in yi maka askin birni, kyauta."

"Don Allah yau ban da wasa, Maikuɗi. Ka san inda za ni."

"Haba ɗan goggo. Ni zan ɓata maka rana? Kafin Baba Lado wanzami ya gama wasa askarsa na sallame ka."

Mutane suka hau zuga shi. Sulle bai taɓa iya cewa a'a a gaban jama'a ba, sai ya ajiye ƙullin goronsa a cinya ya zauna, aka yafa masa zane.

Maikuɗi bai ɗiga mai ba, ya manta ko bai damu ba, oho. Ya ɗora bakin injin a tsakiyar goshi ya tura baya a hankali, yana juyowa yana yi wa jama'a bayani. Injin ya yi ta tsinkar gashi, Sulle ya runtse ido ya cije. Da ya kai ƙeya, hanya ta fito fara sol a tsakiyar baƙar suma, faɗin yatsu uku. Maikuɗi ya ja da baya ya kalli abin da ya yi. Na tabbata ba da niyyar ya fara ba, amma da ya gani, shaiɗancinsa ya motsa. Ya miƙa ƙafa ya taka makashin janareton, wurin ya yi tsit.

"Af! Mai ya ƙare."

Wani daga baya ya ce, "Burtali!" Sai kasuwa ta fashe da dariya.

Burtali dai hanyar shanu ce da ake bari tsakanin gonaki. Amma a shekarun nan satar shanu ta addabi ƙasarmu, kuma in 'yan banga suka kama ɓarawo, kafin su miƙa shi sai su fitar masa da irin wannan hanya a tsakiyar kai, su zaga da shi kasuwa don kowa ya shaida fuskarsa. Askin nan shi ma burtali ake ce masa. Ko a makon da ya wuce an yi wa wani.

Sulle ya ɗaga ido ya ga kansa a madubi. Ya yi dariya, don dole ne ya yi.

"To ka ci wasanka. Kunna ka ƙarasa."

"Sai ka faɗa wa jama'a ko kai wane ne."

"Bawanka ne."

"Ba su ji ba."

Ya ɗaga murya ya sake faɗa, mutum mai furfura a gemu. Aka sake kwashewa da dariya. Maikuɗi ya kifa hular Sulle a bisa tasa hular, ya ce to yanzu sai a jira injin ya huce, ya zauna ya sayi rake ya fara sha. Rumfar da ta wuni ba kowa yanzu ba wurin tsayawa, shi kuwa abin da yake so ke nan tun safe.

Sulle ya dubi rana ya ga ta karkata. Ya tashi ya ɗora hannu a ka, ya ratsa ta cikin 'yan hatsi ya nufi gindin ɗorawar da wanzamai ke zama. Baba Lado shi ya yi masa askin suna, shi yake masa aski tun daga ranar. Tsohon ya saurari gaisuwarsa har ƙarshe, ya sa ya sauke hannu, ya daɗe yana kallo.

"Wurina ka fito zuwa, ka tsaya a can?"

"Baba, ja na ya yi."

"Mun yi magana da 'yan'uwana tun da safe. Kan da injin nan ya taɓa, askarmu ba za ta taɓa shi ba. Wanda ya fara ya ƙarasa."

"Baba, Kwanyawa za ni. Ana jira na."

"Allah ya kai ka lafiya," in ji Baba Lado, ya ci gaba da wasa aska a tafin hannunsa.

A hanyar komawa ne abin ya lalace. Ɓangaren 'yan shanu cike yake da baƙi daga nesa waɗanda ba su ga wasan ba, abin da suka gani kawai shi ne mutum da burtali a ka yana sauri yana ɓoye fuska, ba ɗan banga a bayansa. Wani ya ce ya tsere ne. Wani ya ɗaga murya ya ce ɓarawo. Sanda ta farko ta same shi a kafaɗa, ta biyu a ka, goron ya watse a ƙasa aka tattake. Yana cewa wasa ne, taubashina ne, ba mai jin sa. Sai da wasu 'yan Ruwan Bago suka kutsa suka rufe shi da jikinsu suna rantsuwa sannan aka ja baya, kowa yana cewa ai shi bai doka ba.

Cikin masu kallo akwai Muntaka, yayan Barira, wanda ya zo sayen kanwa. Bai doka ba, bai kuma hana ba. Ya ɗauki buhunsa ya hau motar farko.

Maikuɗi da ya ga an riƙo Sulle da jini a wuyan riga, ya ɗan tsorata, amma bai wuce ɗan lokaci ba. Man da ya ƙare ya dawo nan take. Ya kwashe sauran sumar yana kewaye kumburin, yana cewa, "Kai ma da gudun tsiya, wa ya aike ka wurin 'yan shanu?" Bakin injin ya yi zafi har yana ƙuna, Sulle bai motsa ba. Kafin ya tashi, mutum biyu sun riga sun kama layi, sun ga dai lantarki bai tsotse wa kowa ƙwaƙwalwa ba.

Sulle ya karɓi hularsa, ya wanke wuyan rigar a famfo, ya sayi wani goron, ya isa Kwanyawa rana tana shirin faɗuwa. Dangin da aka tara duk sun watse. Bappa Halliru kaɗai ne a ƙofar gida a kan buzu, dattijo mai kaifin ido wanda ɓarayi suka kore wa shanu bara. Sulle ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Barka da yamma, Bappa."

"Barka kadai. An zo lafiya? Ya mutanen gida? Ya Tasalla?"

"Lafiya lau, tana gaisuwa."

"Madalla. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

Sulle ya tura ƙullin goro gaba, dattijon bai dube shi ba.

"Cire hular."

Ya cire. Kan ya fito tas, sai kumburi, sai kuma jan layin da injin ya bari tun daga goshi har ƙeya, yana nan ɓaro-ɓaro.

"Bappa, wallahi ban taɓa ɗaukar ko igiyar wani ba. Taubashina ne ya..."

"Na sani. Muntaka ya faɗa mini duka. Na san ubanka, na san ba ɓarawo a gidanku." Ya gyara zama. "Amma tun kafin ka iso, yaran unguwar nan sun daina ce maka Sulle. Gashi zai tsiro kafin wata, sunan nan ba zai fita ba. Ni da aka yi wa sata bara, a ce na ba Burtali 'yata? A ce jikokina 'ya'yan Burtali? Je ka da goronka, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

A bayan zana akwai mata, ana jin motsinsu. Wata ta maimaita sunan a hankali, sai dariya ta kuɓuce musu, suna ƙoƙarin danne ta da gefen zane. Sulle ya san dariyar Barira cikin dariyar mata ɗari. Tana ciki.

Ya mayar da hularsa, ya yi sallama yadda ya kamata, ya tafi.

Washegari ya faɗa wa uwarsa komai, ya ce zai kai Maikuɗi ƙara wurin dagaci. Goggo Tasalla ta saki muciya ta riƙe baki.

"Ƙarar taubashi? Ɗan yayana? So kake a yi da ni a garin nan? Wasa ne, haka muka tarar ana yi. Kai ma ka rama wata rana."

Bai kai ƙarar ba, bai kuma rama ba, don ba shi da irin wannan zuciyar. Kafin kaka Barira ta auri wani mai awon gyaɗa a Tudun Kaya. Maikuɗi ya sayi janareton kansa, ya ƙara injin na biyu, marar ƙarar nan da ya ƙi da farko, kuma duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ba shi labarin tun daga farko, da kwaikwayon murya.

Sulle ɗan fari ne. Saboda kunyar ɗan fari, tunda Goggo Tasalla ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wannan" ko "mai gidan nan". Shekara arba'in yana jin uwarsa tana kewaye sunansa, bai taɓa damuwa ba. Wata safiya yana ɗaki yana ɗaura takalmi zai fita gona, maƙwabciyarsu Adama ta yi sallama tana neman aron galma, ta ce ko yana nan.

"Yana ciki," in ji Goggo Tasalla. Sai ta juya wajen ƙofar ɗakin, muryarta sake, har da ɗan jin daɗin wadda ta samu abin da za ta iya faɗa ba kunya. "Burtali! Fito ana magana."

Ya gama ɗaura takalmin. Sannan ya ce, "Na'am, Inna."