Barewar Shagon Abu Nizar

Shekara shida ina aikin sa kai a rumbun hotunan kyauta na intanet, inda kowa ke ɗauka ya yi yadda ya ga dama. Ni ne mai share duk hoton da tambarin kamfani ya cika shi. Na share ɗari huɗu da wani abu, ko gezau, har abokiyar aikina Sulafa ta sa mini suna Mahauci.

Ranar wata Talata ta turo mini wani. "Mahauci, ga nama. Wasa wuƙarka."

Na buɗe. Lungunmu ne na birnin Halab a Siriya, kafin yaƙi ya mai da shi ƙasa. Wani baƙo ya ɗauka. Ga mahaifina tsaye a ƙofar shagonsa, yana ƙanƙance ido saboda rana. Bisa kansa ga allon da kamfanin lemo ke raba wa 'yan tireda kyauta: jar barewar tambarinsu ta cinye kusan duka, sunan mai shago ƙanana a gefe. Da muka gudo, ba mu fito da hotonsa ko ɗaya ba.

"Babana ne," na rubuta mata.

Ta amsa: "Allah ya jiƙansa. Amma Nizar, kai ka koya mini dokar. Ko a dishe barewar, ko a cire hoton."

Da hannuna na dishe ta. Na yi aikin tsaf, har ta zama wani toka-toka a kan Baba, hoton kuma ya tsira. Sai na kai wa Mama wayata a ɗakinmu na haya a garin Irbid na Jodan, tana gyaran kabewa. Mantuwa ta ci ƙarfinta, wani lokaci ni ma sai na faɗi sunana.

"Mama, duba. Wane ne wannan?"

Ta goge hannu, ta duba. Idonta bai tsaya a fuskarsa ba, sama ya tafi, inda shekara talatin take hango jar barewa daga bakin lungu ta san ta iso gida. Ta ɗora yatsanta a kan tokar.

"Hayaƙin bam ɗin nan ne kuma," ta ce. "Ɗana, ka ce wa bawan Allahn nan ya matsa daga wurin. Zai faɗo masa."