Wuyan Riga Ɗari Tara

"Ngatmi, ara mini silifas ɗin mijinki," in ji Yaya Warsih, tana dafe da ƙofata. "Nawa sun ƙi shiga."

Na dubi ƙafafunta. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace.

"Da waɗannan za ki tafi aiki? Keken ɗinkin kuka zai yi in bai gan ki ba?"

"Yau za a naɗa shugabar layin ɗinkinmu, sai in kwanta? Ke dai ji da suyarki, uwar surutu."

Shekara goma sha ɗaya ɗakinta na jikin nawa a lungunmu na garin Sukabumi. Wuyan riga take ɗinkawa a masana'anta. An ce kowa ta yi ɗari bakwai a yini, ita sai ta yi ɗari tara. Dabararta ɗaya ce, ba ta shan ruwa tun safe har a tashi, don kada fitsari ya ɗaga ta daga kan keke. Da manaja ya ga ana iyawa, sai ya ɗora wa kowa ɗari tara. Matan layin ɗinkin suka daina zama da ita lokacin cin abinci. Albashinta bai motsa ba. Ita dai shugabancin nan take jira, don shugabar layi ba a sallamarta in ciniki ya ja baya.

Ran nan kafin azahar aka dawo da ita a bayan babur. Na kwantar da ita a tabarmata.

"An ba ki shugabancin?"

"An ba wata yarinya mai takardar sakandare." Ta yi 'yar dariya. "Wai in suka ɗaga ni, wa zai yi musu wuyan?"

Likita ya ce ƙodojinta ne, duka biyun. Ya ce kada ta wuce kofi biyu na ruwa a yini. Da cokali nake ba ta.

"Ƙara ɗaya, Ngatmi."

"An hana, Yaya."

"Yanzu da nake so."

Kwana goma sha shida ta yi. Ranar Alhamis bayan la'asar ta cika. Allah ya jiƙanta. Matan layin sun zo, su suka dafa shinkafar makoki, ba su ko kalli idona ba.

Kamfani ya aiko da ƙaton allon furanni na ta'aziyya, ɗauke da sunanta da na kamfanin. Faɗinsa ya fi lungunmu, dole aka jingine shi a bakin titi, kusa da mai sayar da fetur a kwalba. Ashe na haya ne. Washegari na fito da kaskona sai na ga mutum biyu sun zo ɗauka. Ɗaya ya tsuguna yana ɓalle haruffan sunanta yana jefawa a bokiti. Sunan kamfanin ya bar shi yadda yake, suka ɗora allon a mota.